Injiniya Ya Buɗe Makarantar Kunfu

A layin shagunanmu, in ka ji ana gardama tun ba a gama share ƙofar shago ba, to Injiniya ya iso. Mai gyaran fanka ne. Shi ya raɗa wa kansa sunan, mu kuma muka bi shi a haka don a zauna lafiya. Shagonsa manne yake da nawa, bango ɗaya ya raba mu, ni ina taka keken ɗinki shi yana naɗa koyil, yau shekara goma sha ɗaya. A tsawon shekarun nan ban taɓa jin an ambaci wani abu ya ce bai iya ba. Ya taɓa tsare wani direban tirela yana koya masa yadda ake komawa da baya, alhali shi ko a keke sai ya sauke ƙafa yake shan kwana.

Wata Litinin sai ga Dogo, mai shagon wasan bidiyo na ƙarshen layi, da na'urarsa ɗaya a hammata. Ya ce 'yar fankar da ke cikinta ta fara kuka, na'urar kuma tana ɗaukar zafi.

"Aikin minti goma ne," in ji Injiniya. "Amma sai na gwada ta tukuna. Ni ba na sakin aiki ba gwaji."

Gwajin ya ci sati uku.

A cikin na'urar akwai wani wasan faɗa na kunfu. Labarin wani ɗan dako ne da aka ƙona makarantar malaminsa, ya fito ramuwa, yana bin kasuwa da tashar jirgin ruwa da kicin ɗin otal yana dukan duk wanda ya tare masa hanya. Maganar gaskiya, wasan ya yi kyau. Ni kaina ranar da na leƙa sai da na bar wuyan riga rabi a kan keke. In ɗan dakon ya kai naushi, ƙarar har cikin ƙirjinka take shiga. In ya kauce, rigarsa ma bin iska take yi kamar ta gaske, kuma ni da na san yadi na san an yi aiki a wurin. Duk abin da hannunsa ya kai makami ne, ko kujera ko tsintsiya ko lema ko murfin tukunya. Kiɗan yana hawa yana sauka tare da faɗan, har ka manta kana da abin yi.

Injiniya kuwa ya manta ɗungurungum. Lokacin zafi ne, fankoki suka taru a shagonsa har sai an yi tsallake ake shiga. Masu su suna zuwa da gumi suna tambaya, yana ce musu ba a samu kayan gyara ba, idonsa na kan talabijin, yatsunsa na kan rimot.

Kwana huɗu da farawa ya buga mini bango.

"Tela, zo ka ga ilimi."

Na je. Ya gano cewa in ya danna jan maɓalli sau biyu ya bi da kore, ɗan dakon zai durƙusa ya share ƙafar abokin faɗa. Da wannan taɗiyar kaɗai yake cin kowa. Ƙato da siriri, mai sanda da mai wuƙa, duk wanda ya matso sai ya sha ƙasa.

"Tun safe na kwantar da mutum ɗari uku," ya ce. "Ko numfashina bai canja ba."

"Ai a zaune kake."

"Hannu ke dannawa, amma jiki ke ɗauka. Ba za ka gane ba, kai ƙafarka taka keke kawai ta sani."

A sati na biyu aka fizge wa Anti mai kemis jakarta da rana tsaka, a bakin shagonta. Wasu mutum biyu ne, ɗaya ya tambaye ta maganin mura, ɗaya ya yi gaba da jakar. Washegari muka taru a ƙarƙashin rumfar mai guga, aka ce a kira kamfanin masu gadi su ba mu mutum. Kowa ya yarda, ana shirin tashi, Injiniya ya miƙe ya gyara wuyan riga.

"Gadi na me, ina layin nan?"

"Ai kana layin aka fizge," in ji Anti.

"Lokacin ina tsakiyar faɗa da mutum tara a tashar jirgin ruwa."

"A talabijin."

"Anti, dabara ɗaya ce. Ku ba ni kwana goma. Zan horar da duk mai shago a layin nan, har ɓarawo in ya hango allon shagonki ya canja titi."

Mai guga mutum ne mai gudun hayaniya, shi ya raba gardamar. Ya ce a ba Injiniya kwana goman, ranar Asabar ta sama ya nuna wa jama'a abin da ya iya, a kuma gayyato wakilin kamfanin ya zo ya gani. In abin ya gamsar, shi ke nan. In bai gamsar ba, a ɗauki mai gadi.

Da yamma Injiniya ya shigo shagona da farin yadi da ƙyallen baƙi. Riga da wando yake so irin na ɗan dakon, da baƙar ɗamara. Na zagaya masa tef a ƙugu.

"Arba'in da huɗu."

"Tef ɗinka ya tsufa. Rubuta talatin da takwas."

"Injiniya, tef ba ya tsufa ta wannan fuskar."

"Ka taɓa ganin malamin kunfu mai arba'in da huɗu? Rubuta abin da na ce."

Na rubuta. Ni tela ne, ba alƙali ba.

Aka buɗe makaranta a filin bayan shaguna, inda mai guga yake shanya. Ɗalibai uku ne: ni, da mai guga don filinsa ne, da Anti wadda ta ce ta zo ne ta ga ƙarshen abin. Injiniya ya fito cikin fararen kaya, yana tafiya a takure don wandon ya riƙe shi gam, ya tsaya ya sunkuyar da kai kamar yadda ake yi a wasan.

"Darasi na farko," ya ce. "Ko mutum goma suka kewaye ka, kar ka tsorata. Ba sa zuwa tare. Ɗaya ke matsowa, sauran suna zagaye suna jiran layi."

"Waɗanda suka ɗauke mini jaka ba su bi layi ba," in ji Anti.

"Ba ƙwararru ba ne."

"To in sun dawo sai in tambaye su takardar shaida?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce darasi na biyu, kafin maƙiyi ya kai duka sai wani jan haske ya bayyana a kansa. A zahiri kuma, in ji shi, hasken a cikin ido yake fitowa, sai mai ilimi ke gani. Mai guga ya ce shi idonsa kullum ja ne saboda hayaƙin gawayi. Injiniya ya ce to shi ya tsaya daga baya.

Sai aka zo bugun ƙafa. Ya ja da baya, ya yi wata ƙara daga maƙogwaro, ya wurga ƙafar dama sama. Ƙafar ba ta wuce gwiwa ba, amma takalmin ya tashi, ya yi juyi biyu a iska, ya faɗa cikin bokitin ruwan bula. Fararen riguna shida da ke kan igiya suka koma masu ɗigo-ɗigo. Mai guga ya tsaya yana kallon rigunan, sannan ya fara sauke su ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ga nisan da ya je?" in ji Injiniya. "Da kan mutum ne fa."

Rana ta biyu darasin makami ne. Ya ɗauki tsintsiya mai dogon hannu yana juya ta bisa kansa, ta harɗe igiyar shanya, igiyar ta tsinke, zanin gadon wani otal ya sauko ya lulluɓe shi. Ya yi ta dambe da zanin har sai da na kama gefe na ja. Da ya fito ya ce da ma yana nuna mana yadda ake faɗa a cikin duhu ne.

Rana ta uku ya ce lokacin sirrin makarantar ya yi, wato taɗiya. Ya sa mai guga ya tsaya a gabansa. Ya furta, "Ja, ja, kore," ya durƙusa da ƙarfi. Abin da muka ji ba faɗuwar mai guga ba ce. Wandon ne ya buɗe tun daga zariya har gwiwa, da wata doguwar ƙara da ni kaina na ji ta a zuciyata, don ɗinkina ne. Anti ta juya baya tana kallon bango, kafaɗunta na rawa.

"Zaren Tela ne ba shi da kyau," in ji Injiniya, yana ja da baya da baya zuwa shago.

A ranar Dogo ya zo karo na biyar neman na'urarsa. Ya same mu a shagona, Injiniya ɗaure da tawul yana jiran in ƙara wa wandon ƙyalle.

"Kawu, masu wasa suna ta tambaya. Ba a gama gwajin ba?"

"Sai bayan Asabar. Wasan nan naka ba wasa ba ne, makaranta ce. Ba ka san darajar abin da ka mallaka ba."

Dogo ya zauna a kan bencina. Ya ce shi ma yana son wasan, kuma in ana maganar daɗin duka da kyan motsi bai ga na biyunsa ba. Ya ce in ka iya tare naushi daidai lokacin da ya iso, ka mayar da shi kan mai shi, daɗin da za ka ji ba ya faɗuwa. Amma fa yana da nasa ciwon.

"Ka duba, Kawu. Mutumin da yake tsalle daga rufin gida zuwa rufin gida, in ya iso shingen da bai kai gwiwa ba sai ya tsaya, wai sai an nemo makulli. An sare shi da adda, ya fasa akwati ya ci tuffa ɗaya, ya warke. In ka shiga lungu kuma kyamarar sai ta maƙale a bayan kaya, ba ka ganin komai. Ga surutun tsohon malamin nan da ba a iya tsallakewa."

"Surutun nan hikima ce."

"To a wane mataki kake bugawa?"

"Na kusa gamawa."

"Ba shi nake nufi ba. Akwai mai sauƙi, akwai mai wuya. Ni na bar shi a kan mafi sauƙi saboda sababbin shiga. A nan ne suke bin layi, a nan ne taɗiya take cin kowa. A mai wuya ba haka suke ba."

Na dakatar da keke don in ji amsa. Injiniya ya gyara ɗaurin tawul.

"Ranar Asabar, a gaban kowa, ka mayar da shi kan mafi wuyar da yake da shi. Da hannunka. Ni da ma na lura suna raina mini hankali."

"Kawu, ka fara gwadawa kai kaɗai mana."

"Ka taɓa ganin an gwada malami?"

Asabar da la'asar aka fito da talabijin aka ɗora a kan teburin mai guga, aka jera kujerun roba a ƙarƙashin rumfa. Jama'a sun taru fiye da zato, sai dai da na duba da kyau na ga kusan rabinsu masu fankokin da ke jibge a shagonsa ne, kowa da kwali a hannu yana fifita. Wakilin kamfanin ma ya iso, ashe mace ce. Gajeriya ce, za ta yi shekara hamsin, da tabarau da takalmi mara tsini da fayil a hannu. Ta ce a kira ta Sajan, ta yi ritaya ne ta koma horar da masu gadi. Ta gaisa da kowa ta zauna a gefe.

Injiniya ya dube ta sama da ƙasa ya raɗa mini, "Ka ga abin da za su turo mana."

Ya yi jawabi. Ya ce da farko zai nuna ilimin a talabijin, sannan ya nuna shi a ƙasa. Dogo ya danna abin da zai danna, ya miƙa masa rimot, ya koma gefe yana cizon yatsa.

Wasan ya buɗe da tsohon malamin kwance cikin hayaƙi yana yi wa ɗan dako wasiyya. Ya yi magana a kan haƙuri. Ya yi tari. Ya yi magana a kan ruwa da dutse. Ya sake yin tari. Aka ci minti bakwai, kwalaye na ta kaɗawa.

"Ba a iya wuce da shi ne?" wani ya tambaya daga baya.

"Ba a iyawa," in ji Dogo.

Da tsohon ya cika, ɗan dako ya shiga kicin ɗin otal. Wani kuku ya fito da ludayi. Injiniya ya yi murmushi ya danna ja, ja, kore. Kukun ya tsallake ƙafar kamar mai tsallake kwata, ya sauke masa ludayi a tsakar ka. Kafin ya miƙe wasu uku suka fito tare, ba wanda ya jira wani, suka tura shi lungu. Nan kyamarar ta maƙale. Abin da muke gani a talabijin bayan firji ne kawai, da wayarsa da ƙurarsa, sai ƙarar duka da ke tashi daga wani wuri, tim, tim, tim, da kiɗa mai daɗi yana rakiya.

"Wa ake duka?" in ji mai guga.

"Ni nake dukansu," in ji Injiniya.

Sai rubutu ya fito cewa ɗan dako ya mutu. Wasan ya koma farko, ga tsohon malami kwance cikin hayaƙi, ya fara magana a kan haƙuri.

Sau huɗu aka yi haka. A na huɗun jama'a sun haddace wasiyyar, suna karantawa tare da tsohon, har tarin suna yi masa.

"Bawan Allahn nan ya mutu sau huɗu saboda kai," in ji Anti. "Ka bar shi ya huta."

Injiniya ya yi jifa da rimot, Dogo ya cafe shi a iska.

"Kyamara ce," ya ce. "Kowa ya gani, kyamara ce."

"Wannan kam gaskiya ne, da laifinta," in ji Dogo. "Amma ludayin fa?"

"A ƙasa babu kyamara. Mutum huɗu su taso."

Masu fanka bakwai suka miƙe lokaci ɗaya, ba wanda ya tsaya neman layi. Wani har yana naɗe hannun riga. Injiniya ya ja da baya taku ɗaya. Sajan ce ta ajiye fayil ta tashi.

"Ku zauna, don Allah. Malam, ni kaɗai ma na isa gwaji."

"Ni ba na dukan mata."

"Ba sai ka doke ni ba. Anti, ara masa sabuwar jakarki. Kai ne mai jaka, ni ce ɓarauniya. Ka hana ni ɗauka, shi ke nan."

Ya rataya jakar Anti a kafaɗa, bisa fararen kayansa da baƙar ɗamara. Ya buɗe ƙafafu ya fara zagaye ta, yana leƙa cikin tabaranta yana neman jan haske. Ita kuwa tana tsaye, hannuwanta a gaba, kamar mai jiran mota. Muna jin sa yana raɗa, "Ja, ja, kore." Ya durƙusa ya share. Sajan ta ɗaga ƙafa ɗaya ta mayar. Ƙafarsa ta wuce ta daki ƙafar teburi, talabijin ta yi gaba, na rungume ta, Dogo ya kwanta a kan na'urarsa.

Injiniya ya miƙe da ɗingishi, ya wawuri kujerar roba ya ɗaga sama da hannu biyu. Ƙafar kujerar ta soki tamfol ɗin rumfar, ƙurar shekara uku da busassun ganye da wani tsohon takalmi suka zubo masa a ka. Yana tsaye yana tari, ido a rufe, Sajan ta matso ta karɓi kujerar ta ajiye a bayansa. Ta kama wuyan hannunsa da yatsu biyu ta ɗan juya, sai ga shi zaune daram.

"Huta, Malam," ta ce.

Ta koma wurinta ta zauna. Jakar na kan cinyarta. Ba wanda ya ga lokacin da ta bar kafaɗarsa.

Dariyar da aka yi har masu shagunan tsallaken titi suka fito. Injiniya ya yunƙura zai tashi ya yi bayani, bayansa ya ce bai san zancen ba. Ya riƙe ƙugu ya koma.

"Baya ne ya riƙe," in ji Anti bayan ta duba shi. "Kwana uku yana shafa magani zai sake."

"Hannunsa fa?" in ji ɗaya daga masu fanka.

"Hannu lafiya lau."

Nan take masu fanka suka kewaye shi. Mutum huɗu suka ɗaga shi da kujerar gaba ɗaya, suka ratsa jama'a da shi, suka kai shi shagonsa suka dire a gaban teburin aiki. Wani ya sa masa sukundireba a hannu, wani ya ajiye masa fanka a gaba, sauran suka zauna a bakin ƙofa. Muna can muna ɗaga hannu a kan maganar mai gadi, muna jin sa yana cewa a miƙo masa filaya. Dogo kuwa tuni ya yi ƙarshen layi da na'urarsa, ko waiwaye bai yi ba.

Yanzu muna da mai gadi, Sajan kuma tana zuwa duk safiyar Asabar tana koya wa masu shaguna yadda ake riƙe jaka, da yadda ake kuɓuce wa riƙo, da lokacin da ya kamata mutum ya saki kaya ya tsira da ransa. Sati biyu Injiniya bai leƙo ba. A na uku sai ga shi a layin baya, kusa da ni. Ya ce kar in yi masa wata fassara, ya zo duba ingancin koyarwar ne.

"Matar nan tana da hazaƙa, Tela," ya ce mini ƙasa-ƙasa, muna tsaye da ƙafa ɗaya. "Tun ranar na lura. Shi ya sa na sassauta mata a gaban mutane, kar gwiwarta ta yi sanyi. In ta dage, nan da shekara biyu za a ga abu."

"Malam Injiniya," in ji Sajan daga gaba, ko juyowa ba ta yi ba. "A rage magana, a ɗaga gwiwar nan."

"To, ranki ya daɗe," ya ce, ya dafa kafaɗata ya ɗaga.